Fad ɗin birkin gaba: tambayoyin da masu mota suka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ake ta maimaitawa duk inda aka zauna hirar mota, a gareji ne ko a majalisa, sai na ga gara a tara su waje ɗaya. Fad shi ne ɗan ƙarfen nan da aka manna wa wani abu mai kauri a fuska, wanda ake ce wa nama, shi ke matse faifan da ke juyawa tare da taya idan ka taka birki. Maganar ƙananan motoci nake, irin su Corolla, Camry, Accord, Golf, Vibe da 406, ban da tirela da tifa, su birkinsu na iska ne lissafinsa daban.

Me yasa na gaba yake riga na baya ƙarewa, ko motata ce ke da matsala?

Lafiyarta ƙalau. Duk sanda ka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, shi yasa kake ganin hancinta ya duƙa, ga shi kuma inji ma a gaba yake a yawancin motocin. Wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na aikin tsayar da mota ƙafafun gaba ne ke yinsa. Sai ka canza na gaba sau biyu na baya yana nan bai ce komai ba.

Ta yaya zan gane ya ƙare tun kafin ya yi min ɓarna?

Kunne, ido, sai ƙafa. A jikin yawancin fad akwai wani ɗan siririn ƙarfe da kamfani ya saka da gangan, idan naman fad ɗin ya cinye ya rage kaɗan sai ƙarfen ya fara taɓa faifai, ka riƙa jin "tsiiii" siririya musamman a tafiyar hankali, wani lokacin ma kana taka birki sai ta ɗauke. Wannan kiranka ake yi, har yanzu da sauran lokaci amma ba mai yawa ba. Idan kuwa ƙarar ta koma gurnani "gurrr" har kana jinta a tafin ƙafarka, to an wuce wajen, ƙarfen bayan fad ne ke cin faifai kai tsaye, kuma duk kwanan da ka ƙara a haka kuɗin faifai kake tara wa kanka.

Da ido kuma, ka murɗa sitiyari gefe ɗaya har ƙarshe ka haska fitilar waya ta tsakanin rim, ko mafi kyau a cire tayar. Sabon fad namansa yana kai milimita 10 zuwa 12, ba da ƙarfen baya ba. Idan ya dawo milimita 3 ka fara neman sabo. Littafin wasu motocin yana yarda har ƙasa da haka amma ni ba na ba kowa shawarar ya jira, saboda siririn fad ba ya jure zafi kuma yana iya ɓantarewa daga jikin ƙarfen lokaci ɗaya. Sannan kar a duba na waje kaɗai a ce ai da saura, na ciki wanda fistin (ƙarfen da man birki ke turowa ya danna fad) ke turawa sau da yawa shi ke riga cinyewa, kuma shi ne ba a gani sai an leƙa.

Motocin Jamus da yawa, Benz da BMW da wasu Volkswagen, suna da waya a jikin fad, tana gogewa sai wuta ta kama a dashbod. Wata alamar kuma da mutane ba sa lura da ita ita ce man birki ya riƙa sauka a hankali a kofinsa ba tare da yoyo ba, wannan fistin ne ke ƙara fitowa yana bin fad ɗin da ke sirancewa.

Kilomita nawa ya kamata ya yi?

Abin da aka saba faɗa tsakanin kilomita 30,000 ne zuwa 70,000, kaga ai tazarar ta yi yawa da za ka dogara da ita. Wanda kullum yake cikin cunkoson Kano ko hanyar Mararaba zuwa Abuja, taka-saki taka-saki, ba zai haɗa kansa da mai doguwar tafiya ba. Mota otomatik ta fi mai giyar hannu cin birki, lodi yana ci, ƙurar hunturu da yashi suna ci, mai tuƙi da ƙafa ɗaya kwance a kan birki shi kam ba a magana. Duk sanda aka juye baƙin mai a ce wa yaro ya leƙa, shikenan.

Naji ana cewa siramik, ana cewa mai ƙarfe, wanne zan saya?

Iri uku ne a taƙaice. Akwai mai laushi da ake haɗawa da zare-zare da roba da danƙo, ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma yana saurin ƙarewa kuma idan ya ɗau zafi sosai yana sakin jiki. Akwai mai haɗin ƙarfe, za ka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe na ƙyalli a fuskarsa, wannan yana jure zafi da lodi, sai dai yana ɗan ƙara, yana baƙanta rim, kuma ya fi cin faifai. Sai siramik, shiru ne, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba baƙa ƙirin ba, yana daɗewa, ya fi tsada.

Idan motar gida ce, kai yara makaranta, ofis, kasuwa, siramik mai kyau ko irin wanda motar ta zo da shi ya wadatar. Idan haya kake da Sharon ko Hiace kana cika ta da mutane da buhuna, ko kana yawan bin hanya mai gangara, mai ƙarfe ya fi dacewa da kai ko da zai ɗan dame ka da kuka. Amma fa gaskiyar magana kalmar siramik a jikin kwali ba ta nufin komai idan ba ka san kamfanin ba, buga rubutu a kwali ba wuya gare shi ba. Mai ƙarfe na kirki ya fi siramik na bogi nesa ba kusa ba.

Na faɗi sunan motata da shekararta amma aka bani wanda bai shiga ba, ina matsalar take?

Nan ne mutane suka fi shan wahala. Suna da shekara kaɗai ba sa isa, saboda mota ɗaya ana ƙera ta a ƙasashe daban-daban kuma kowace masana'anta da kalifar da take sakawa, wato gidan ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin faifai. Corolla ta Amurka da Corolla ta Turai masu shekara ɗaya, fad ɗinsu na iya bambanta. Ka duba lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofa. Idan ta fara da J Japan aka yi ta, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, Toyota mai farawa da SB1 ta Ingila ce, mai NMT kuma ta Turkiyya. Girman inji ma yana canza lissafi, mai silinda 6 sau da yawa birkinta ya fi na mai 4 girma. A ɗaya ɓangaren kuma akwai motocin da sunansu daban amma kayansu ɗaya, kamar Pontiac Vibe ta 2003 zuwa 2008 da Toyota Matrix, ai kusan mota ɗaya ce aka canza mata riga.

Hanya mafi sauƙi dai, a cire tsohon a tafi da shi. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka ɗora tsohon a kan sabon baya da baya, ka duba tsawo, ka duba kunnuwan da ke shiga cikin ƙarfen riƙo, ka duba inda ɗan ƙarfen gargaɗi yake. Idan mai shago ya ce "Alhaji ai ɗan gurzawa kawai za a yi ya shiga", ka ajiye masa kayansa. Fad ɗin da sai an kai shi wajen mai garanda kafin ya zauna ba na motarka bane.

Ya ake bambance orijina da jabu? Kwalayen duk iri ɗaya nake gani.

Kamfanonin mota yawanci ba su suke yin fad da kansu ba, saya suke. Akebono da Advics da Nisshinbo na Japan, Bosch da Textar da ATE na Jamus, Brembo na Italiya, Ferodo da asalinsa Ingila ne, TRW, sai Sangsin na Koriya mai Hi-Q, duk sunaye ne sanannu. Matsalar ita ce duk sunan da ya yi suna shi ake kwaikwaya, dan haka sunan kaɗai ba hujja bane.

Ka buɗe kwalin a gaban mai shago. Ƙarfen baya ya zama mai kauri, fentinsa sumul, ba tsatsa, ba kaifin yankan da ba a gyara ba. Wajen da nama ya haɗu da ƙarfe kar a ga rata ko danƙo ya tsiyayo. Ka karce gefen da farce ko makulli, idan yana zuba kamar garin gawayi ka barshi. Mai kyau yawanci yana zuwa da siririn gwangwani manne a bayansa na hana ƙara, wasu har da sababbin kilif, wato ƙananan ƙarafan da kunnuwan fad ke zama a ciki. Rubutun da ke jikinsa ya fito tsaf kar ya gogu da yatsa. Kayan da aka yi wa kasuwar Turai za ka ga alamar R90 a jiki, na kasuwar Amurka kuma akwai haruffa biyu a ƙarshen lambar, kamar EE ko FF ko GG, na farko ƙarfin kamunsa ne yana da sanyi, na biyu idan ya yi zafi, kuma G ya fi F kamu, F ya fi E. Motar gida FF ya ishe ta. Tabbas masu jabu ma suna iya buga waɗannan, amma wanda babu komai a jikinsa kwata-kwata ya riga ya faɗa maka ko shi waye.

Abu na ƙarshe farashi. Ka tambayi shago uku, idan ɗaya ya faɗi rabin kuɗin sauran a kan suna ɗaya, ba sonka yake ba.

Fad na Beljiyam fa? Wasu na cewa ya fi sabon kanti.

Na san dalilin da yasa ake faɗin haka, tunda an cire shi daga motar waje to aƙalla ba jabu bane. Amma ba ka san shekara nawa ya yi a jibge ba, ba ka san ko ya taɓa ƙonewa ko ya sha mai ba, kuma ya riga ya ɗauki siffar wani faifan daban. Kalifa ko faifai na Beljiyam mai kyau ba laifi, fad kam in da hali sabo. Wanda kuma ake ɗaukar tsohon ƙarfe a manna masa sabon nama a bakin titi, wannan kar ma ka fara.

Gefe ɗaya ne ya cinye, zan iya canza shi kaɗai?

A'a. Guda 4 ne a kwali, biyu dama biyu hagu, tare ake sakawa. In ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe idan ka taka. Kuma ka tambayi kanka me yasa gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya, amsar kusan kullum kalifa ce ta maƙale.

Dole ne sai na canza faifai tare?

Ba dole bane kowane lokaci. A jikin kowane faifai an buga iyakar sirancinsa, za ka ga MIN TH da lamba a gefensa ko ta tsakiya, wani lokacin sai an kankare tsatsa. A auna da ma'auni, ba da ido ba. Idan bai kai iyakar ba, fuskarsa sumul ce, to a goge shi da samfefa a mayar. Idan ya yi zurfafan layuka da farce ke maƙalewa a ciki, ko ya yi tudu a baki, ko ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, ko ya tsage, sabon fad ba zai zauna a kansa daidai ba. Ana iya kaiwa a yanke shi a inji in har bayan yankan zai tsaya sama da iyakar, in ba zai tsaya ba a sayi wani, shi ma biyu-biyu. Sabon faifai yana zuwa da wani mai a jikinsa na hana tsatsa, a wanke shi tas kafin a ɗaura.

Zan iya canzawa da kaina a gida?

Za ka iya in kana da kayan aiki da natsuwa, aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba, amma karon farko ka samu wanda ya iya ya tsaya a kanka. Birki ne.

Ka ajiye mota a daidaitaccen waje mai tauri, ka ja birkin hannu, ka sa dutse ko katako a tayoyin baya. Ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga da jak, ka tokare motar da ƙarfen tokara, kar ka taɓa yarda ka sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, tayar da ka cire ma ka tura ta ƙarƙashi dan ko-ta-kwana. Ka buɗe bonet ka duba kofin man birki, idan a cike yake ka zuƙe kaɗan da sirinji saboda in ka mayar da fistin man zai hau ya zube, kuma yana cin fenti. A yawancin motocin Japan noti biyu ne ke riƙe da kalifa ta baya, ka kwance na ƙasa ka ɗaga ta sama, ko ka kwance duka biyun ka rataye ta da waya a jikin sifirin, kar ka bari ta yi lilo a kan tiyon mai. Kafin ka zare tsofaffin ka ɗauki hoto da waya, zai maka amfani wajen tuna inda kilif da ɗan ƙarfen gargaɗi suke.

Sai mayar da fistin ciki, ka ɗora tsohon fad a fuskarsa ka matse da kilam a hankali har ya shige, ba da gudu ba, kuma ba a zura sukurudireba a danna jikin faifai. Ka duba robar da ke zagaye da fistin, in ta yage ko ka ga jiƙar mai to aikin ya wuce canjin fad. Ka goge wajen zaman kunnuwan da buroshin waya har tsatsa ta fita, ka zaro fin guda biyu da kalifa ke zamewa a kansu ka wanke ka sa musu giris, ka tabbatar suna shiga suna fita da yatsa biyu. Sabon fad ya shiga da hannu, yana motsi kaɗan, ba da guduma ba. Ka mayar da kalifa, ka ɗaure, ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan dan ka samu abin kwatance. Notocin taya a ɗaure su a tsallake-tsallake, Corolla da Camry ƙa'idarsu 103 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, Accord 108, ba wai yaro ya hau kan sifana yana tsalle ba.

Ƙurar da ke wajen kar a hure ta da baki ko da iskar mai faci, wasu fad masu araha har yanzu ana iya samun asbestos a ciki kuma yana illa ga huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Wane giris ake sawa?

Na birki, mai silikon, wanda ba ya kumbura roba. Giris ɗin boris na yau da kullum ko baƙin mai yana lalata robar fin, bayan wata biyu ta kumbura fin ya ƙame, sai a zo ana zagin fad alhali ba laifinsa bane. A shafa kaɗan a fin da kunnuwa da bayan fad. Fuskar fad da faifai ko ɗigo kar ya taɓa.

Bayan an gama na taka birki ya tafi ƙasa gaba ɗaya, lafiya?

Haka yake yi, fistin ne ya koma ciki yana buƙatar fitowa. Kafin mota ta motsa ko taku ɗaya ka taka ka saki sau da yawa, ba har ƙasa can ba, har sai ya yi tauri. Mutane sun sha dukan bango ko motar gabansu a bakin gareji saboda manta wannan. Idan ka yi ta takawa bai yi tauri ba, ko ya yi taushi yana nutsewa, to iska ce ta shiga ko akwai yoyo, kar a hau titi. Canjin fad kaɗai ba ya buƙatar cire iska in dai ba a kwance tiyo ba.

Tunda an zo wajen mai, ka duba murfin kofin, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, wato irin man birkin da motar ke sha. Man birki yana shan danshin iska, sabon DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, shi yasa ake so a juye shi duk bayan shekara 2. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗancan. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa wai a lallaɓa a isa gari, Allah ya kiyaye, wannan wasa da rayukan fasinja ne.

Sabo ne amma ba ya kamawa kamar tsohon, an cuce ni ne?

Ba lallai ba, sai ya zauna tukuna. Ka samu titi mara mutane, ka kai gudun 60 ka taka da ɗan ƙarfi ka sauko wajen 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita kamar sau 8 zuwa 10, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba birki dan ya huce. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a bi shi a hankali. In an wuce haka har yanzu sai ka miƙe tsaye a kan birki kafin ta tsaya, to koma wajen mai shago da kwalinka.

Har yanzu yana ƙara, kuma sitiyari na rawa idan na taka.

Abu biyu ne daban. Ƙara da sassafe ko bayan ruwan sama ko wankin mota tsatsar dare ce, taku biyu uku ta tafi. Wadda ba ta tafiya kuma, ko an yar da gwangwanin baya, ko kilif ya saki, ko faifan ne ke da tudu a baki. Rawar sitiyari a gudu kuwa faifai ne kaurinsa bai daidaita ba, ko an ɗaura shi a kan tsatsa, ko an ɗaure notocin taya wani ya fi wani. Idan bayan 'yar tafiya rim ɗaya ya fi ɗayan zafi sosai har kana jin ƙauri, kalifar gefen ce ba ta saki.

A gangara birki ya taɓa ɗauke min duk da fad ɗina sabo ne, me ya jawo?

Zafi. Duk wanda ya sauko Hawan Kibo daga Jos ya san yadda abin yake, idan ka kwantar da ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa fad zai yi zafin da ba zai iya kamu ba, ko man ya tafasa feda ta tafi ƙasa. Ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, a otomatik ka dawo 2 ko L, ka riƙa takawa da ƙarfi kana saki maimakon riƙewa. In ka ji ƙauri ka samu waje ka tsaya ya huce da kansa, kar a watsa wa faifai ruwa yana da zafi.

Ni dai makanike zan kai wa, me zan sa wa ido?

Ka tsaya a wajen, aikin bai fi awa ɗaya ba. Ka ga kwalin an buɗe a gabanka, ka ce a baka tsofaffin ka duba yadda suka ci, in ɗaya ya fi ɗaya cinyewa ko ya ci a karkace ka ce "Oga a duba min fin ɗin nan", dan da yawa sauri suke, su zare tsoho su zura sabo su rufe ba tare da sun taɓa fin ko sun kankare tsatsa ba, kuma rabin ƙorafin da ake yi a kan fad daga nan yake fitowa. Ka tabbatar an mayar da gwangwanin baya da kilif, an haɗa wayar sensa mai kunna wuta a dashbod in motarka na da ita ba a ƙulle ta an cusa a gefe ba, an duba tiyo ko ya tsattsage, an rufe kofin mai. Sannan ku fita gwaji tare da shi kafin ka biya, kai a kan sitiyari.